Carlo Abarth: Mutumin da ya gina kamfanin tsere a kan salansar mota

A jikin mota babu abin da ake rainawa kamar salansa. Tana can ƙarƙashi cikin ƙura da laka, ba a tunawa da ita sai ranar da ta huje ta fara damun unguwa da ƙara.

Amma an yi wani mutum a Italiya da ya ɗauki wannan bututun hayaƙi ya mayar da shi abin alfahari, har kuɗin cinikinsa ya riƙe masa kamfanin motocin tsere sama da shekara 20. Sunansa Carlo Abarth. Ya rasu tun 1979, amma har yau masu tara tsofaffin motocin gudu na shekarun 1950 da 1960 idan suka zauna kwatanta salansa, da tasa ake auna sauran.

Tarihinsa na nuna abu guda da direbobi da yawa ba su lura da shi ba: ƙarfin inji ya dogara da yadda yake fitar da hayaƙi kamar yadda ya dogara da man da yake sha.

Yaron Biyana mai son babur

An haife shi ranar 15 ga Nuwamba, 1908, a Biyana, babban birnin Ostiriya, aka raɗa masa suna Karl. Dangin mahaifinsa mutanen Merano ne, wani gari da ke cikin tsaunuka wanda ya koma hannun Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan dangantaka ce ta sauƙaƙa masa zama ɗan ƙasar Italiya daga baya, inda sunansa ya koma Carlo.

Bai yi dogon karatun injiniya ba. A gareji ya koyi aiki. Yana ɗan shekara 16 zuwa 17 ya tafi Milan ya yi aiki a kamfanin Castagna, inda ya koyi zana ƙashin babur da na keke. Da ya koma gida sai ya shiga aikin babura gadan-gadan, yana gyarawa, yana gwadawa, daga nan ya fara tsere da kansa. A 1928 ya ci nasararsa ta farko a Salzburg.

Tseren babur a wancan zamani wasa ne da rai. A 1930 ya yi mummunan haɗari a garin Linz, abin da ya raba shi da tseren babur mai ƙafa biyu. Bai haƙura ba, sai ya koma babur mai akwatin fasinja a gefe, ya ƙera nasa da hannunsa.

Da irin wannan babur ne ya yi abin da ya sa sunansa ya shiga jaridun Turai. A 1934 ya yi tsere da Orient Express, shahararren jirgin ƙasan masu hannu da shuni, a tsakanin Biyana da Ostend da ke gaɓar tekun Beljiyam, tafiyar sama da kilomita 1,300. Ya riga jirgin isa.

A nan aka fara ganin halayen da suka bi shi har tsufa. Yana son a auna abin da ya ƙera da agogo, kuma yana son a yi awon a gaban jama'a.

A ƙarshen shekarun 1930 ya sake yin wani haɗarin a Yugoslabiya, wanda ya kwantar da shi a asibiti na dogon lokaci, ya kuma kawo ƙarshen tserensa na babur. A can Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi, kuma a can ya zauna har aka gama.

Daga karayar wani kamfani

Bayan yaƙi ya koma Merano. Ya daɗe da sanin iyalan Porsche, don haka shi da wani injiniya mai suna Rudolf Hruska suka zama wakilan ofishin zanen motoci na Porsche a Italiya.

Ta wannan hanya ya haɗu da Piero Dusio, attajirin birnin Turin mai kamfanin motocin tsere na Cisitalia. Dusio ya ba ofishin Porsche kwangilar zana masa motar gasar Grand Prix, kuma kuɗin kwangilar ne ya taimaka aka fito da Ferdinand Porsche daga tsarewar da Faransa ta yi masa, a 1947. Abarth ya zama mai kula da harkar tsere a Cisitalia.

Sai dai motar ta lashe kuɗi fiye da ƙarfin kamfanin. Cisitalia ya durƙushe, Dusio ya tattara ya koma Ajantina. A madadin haƙƙinsa, Abarth ya tashi da 'yan motocin tsere samfurin 204A da wasu kayan aiki.

Ranar 31 ga Maris, 1949, ya kafa kamfanin Abarth & C. tare da direban tsere Guido Scagliarini, wanda mahaifinsa ya zuba jarin. Tambarin da ya zaɓa kunama ce, domin a lissafin taurari na Turawa a burujin kunama aka haife shi.

Tun farko ya samu abin talla. A watan Afrilun 1950, Tazio Nuvolari, direban da Italiya ta fi ji da shi kafin yaƙi, ya yi tserensa na ƙarshe a rayuwa cikin 204A, a gasar hawan dutsen Monte Pellegrino da ke Palermo, ya kuma zo na ɗaya a ajinsa.

Amma kofi ba ya biyan albashi. Abarth ya ga yadda tsere ya cinye Dusio, ya kuma san dole ya nemi abin da zai riƙa sayarwa kullum. Ya fara da ƙananan kayan ƙari na Fiat Topolino, ƙaramar motar talakawan Italiya, ciki har da na'urar mayar da sandar giya kusa da sitiyari. Abin da ya karɓu fiye da komai shi ne salansa.

Me salansa ke yi wa inji?

Kafin a gane abin da ya canza, sai an san yadda inji ke numfashi.

Injin mota mai amfani da fetur yana aiki ne a matakai huɗu. Fistin ya sauka ya shaƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, su ƙone su tura fistin ƙasa da ƙarfi. Sannan ya sake hawa ya kori hayaƙin waje.

Idan hanyar fita ta yi ƙunci, fistin zai ɓata wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tura hayaƙin. Bayan haka, ragowar hayaƙin da ya maƙale a silinda yana cinye gurbin sabuwar iska da mai, sai ƙonewa ta gaba ta yi rauni.

Hayaƙin kuma ba a hankali yake fita ba. Duk lokacin da bawul ya buɗe, yana fita ne da bugu, kuma wannan bugun ne kunne ke ji a matsayin ƙara. Aikin salansa shi ne ta kashe kaifin bugun.

Salansar da yawancin masana'antu ke saka wa ƙananan motoci a lokacin akwati ce mai ɗakuna da shingayen ƙarfe a ciki. Hayaƙi ya shiga ya bugi bango, ya juya, ya bi ta wata ƙofa, ya sake juyawa kafin ya fita. Tana da arha, tana kashe ƙara sosai, amma tana shaƙe injin, musamman idan an taka mota.

A ɗaya gefen akwai bututu tsirara irin na motocin tsere, wanda babu komai a cikinsa. Hayaƙi na fita a sake, amma ƙararsa ba ta zama a cikin gari.

Abarth ya bi ta tsakiya. Salansarsa bututu ne miƙaƙƙe mai faɗi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, babu shinge a ciki, an kewaye shi da audugar gilashi a cikin akwatin. Hayaƙin ya wuce kai tsaye, audugar kuma ta tsotse ƙarar mai tsini da ke huda kunne. Abin da ke saura shi ne gurnani mai kauri, wanda ya zama alamar motocinsa.

Ba shi kaɗai ya san wannan dabara a duniya ba. Inda ya yi zarra shi ne wajen auna kowace salansa daidai da injin da za a ɗaura mata, da kuma wajen sayar da ita.

Tsada ta zama talla

Ya shafe jikin salansar da baƙin fenti mara sheƙi, ya sa mata bakin ƙarfe mai walƙiya wanda ke leƙowa ta bayan mota, ga kuma tambarin kunama. Duk wanda ke bin motar a baya zai san mai ita ya kashe kuɗi.

Kuma ya kashe ɗin. Tarihin kamfanin ya nuna ana sayar da ita lira 4,500 a lokacin da ta yau da kullum ke kan lira 2,000. Duk da haka mutane suka yi ta saye. Italiya na farfaɗowa daga yaƙi, matasa da yawa na mallakar motarsu ta farko, ba su da kuɗin Ferrari, amma suna da kuɗin da za su sa ƙaramar Fiat ta yi murya irin ta motar tsere.

Zuwa 1962 kamfanin na da ma'aikata 375, kuma a wannan shekara kaɗai ya ƙera salansa 257,000, kashi 65 cikin 100 aka fitar da su ƙasashen waje. Yana yin ta motocin Fiat da Alfa Romeo da Porsche da Volkswagen da wasu da dama, kuma motocin Ferrari da yawa na wancan zamani sun fito daga masana'anta ɗauke da salansar Abarth.

Salansa kaɗai ba ta isa ba

Akwai abin da masu sha'awar ƙara kan manta. A ƙaramin injin da ba a taɓa komai a cikinsa ba, canza salansa kaɗai ɗan ƙarfi kaɗan yake ƙarawa. Mafi yawan abin da direba ke ji a jikinsa daga kunne yake zuwa.

Aikin Abarth kansa ya tabbatar da haka. A 1955 Fiat ya fito da samfurin 600, mai injin cc 633 da ƙarfin doki kusan 22. Abarth ya haɗa akwati guda na kayan canji: sabon karanshaf, da fistin, da sandar da ke buɗe bawul, da kafireta mafi girma, sannan salansa. Injin ya koma cc 747, ƙarfinsa ya haura doki 40. Wato kusan ninki biyu, amma sai da aka buɗe hanyar shigar iska da ta fitarta gaba ɗaya.

Dalili kuwa shi ne inji ba ya fitar da abin da bai shaƙa ba. Idan kafireta da bawul ƙanana ne, komai faɗin salansa ba za ta ƙara masa numfashi ba.

Faɗin ma yana da iyaka. Idan hayaƙi na gudu da sauri a cikin bututu, kowane bugu yana barin ɗan gurbi a bayansa wanda ke jan na gaba, har ya taimaka wajen zuƙo sabuwar iska cikin silinda. Idan bututun ya yi faɗi da yawa, gudun hayaƙin zai ragu, wannan jan ya ɓace, motar ta yi nauyin tashi a ƙaramin gudu. Tsawon bututun da ke fitowa daga kowace silinda, da inda suke haɗuwa, su ma suna tantance ko ƙarfin zai zo da wuri ko sai inji ya yi sama.

Shi ya sa wanda ya farke salansar babur ko ta mota don ta yi ruri ba lallai ya samu gudu ba. Sau da yawa ƙara kawai ya saya, ga ɓarnar mai, ga damun maƙwabta.

Hujja a filin Monza

Abarth bai tsaya kan alƙawarin talla ba. Ya riƙa kai motocinsa filin tsere na Monza, kusa da Milan, inda jami'ai ke riƙe da agogo.

A watan Yunin 1956, wata mota mai injin 750 da kamfanin Bertone ya ƙera wa jiki mai santsi ta yi awa 24 tana zagaye filin, ta ci kilomita 3,743, wato kimanin kilomita 156 a kowace awa. A shekarar da ta biyo baya, samfurin 750 mai jikin Zagato ya zo na ɗaya a ajinsa a gasar Mille Miglia, tseren mil dubu da ake yi a kan titunan Italiya.

Gwaji mafi tasiri shi ne na 1958. Sabuwar Fiat 500 da ta fito a 1957 ba ta samu kasuwa da farko ba, domin injinta mai silinda biyu doki 13 kawai yake bayarwa, kuma mutane na shakkar ƙarkonta. Abarth ya ɗauke ta ya kai ƙarfinta doki 26 ba tare da ya ƙara girman injin ba. Direbobi suka riƙa karɓa-karɓa da ita a Monza kwana bakwai dare da rana, ta yi kilomita 18,186, a matsakaicin gudun kilomita 108 a awa.

Wannan ya wanke motar a idon jama'a. Fiat ya ga amfanin abin, sai ya ƙulla yarjejeniya da Abarth cewa zai riƙa biyansa lada a kan nasarorin da motoci masu sunan Fiat-Abarth suka samu. Daga nan Abarth ya riƙa tura motoci ko'ina ake tsere, manya da ƙananan gasa.

A wannan shekara kamfanin ya koma babbar masana'anta a titin Corso Marche da ke Turin. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da tsanani, da son tsafta a wurin aiki, da rashin haƙuri da kuskure.

Tsohuwar abotarsa da Porsche ma ta sake haihuwa. A 1960 aka fito da Porsche 356 Carrera GTL Abarth, mai jikin alminiyam mara nauyi, wadda kusan guda 20 kawai aka yi, kuma ta ci ajinta a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa.

Dattijo a kujerar direba

A watan Oktoban 1965, yana dab da cika shekara 57, ya yanke shawarar shi da kansa zai tuƙa motar da za ta kafa wa kamfanin sabon tarihi. Matsalar ita ce jikinsa ya fi ƙarfin kujerar motar, wadda aka yi wa mutum ɗaya siriri.

Sai ya shiga rage cin abinci, yana dogaro da tuffa, har ya zubar da kusan kilo 30. Ranar 20 ga watan ya shiga motar mai injin lita ɗaya a Monza, ya kafa tarihin saurin tashi a tazarar rubu'in mil da ta mita 500 a ajinta.

A lissafin kamfanin, motocin Abarth sun kafa tarihin duniya sau 10, da na ƙasa da ƙasa sau 133, sun kuma ci tsere sama da 10,000.

Ƙarshen cin gashin kai

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 kuɗin tsere ya yi ta hawa, kasuwar salansa kuma ta cika da abokan hamayya, ciki har da ANSA, wani kamfanin Italiya da ya karɓe wani ɓangare na cinikin manyan motocin gudu. Masana'antun mota ma sun fara fito da samfura masu ƙarfi tun daga gida, abin da ya rage buƙatar akwatin kayan canji.

A 1971 Abarth ya sayar wa Fiat kamfaninsa. Enzo Osella ya karɓi motocin tsere da kayansu ya ci gaba da sunansa, masana'antar Corso Marche kuma ta zama sashen da ke shirya wa Fiat motocin gasar rali. Daga nan Fiat 131 Abarth ta fito, wadda ta ci kambun duniya na masana'antu a 1977 da 1978 da 1980.

Carlo Abarth ya koma Biyana, inda ya rasu ranar 24 ga Oktoba, 1979, yana da shekara 70.

Abin da masu tsofaffin motoci ke aunawa yau

Wanda ya mallaki motar gudu ta wancan zamani a yau yana fuskantar zaɓi uku idan salansarta ta mutu.

Zai iya neman ta asali. Ita ce ke da daraja a wurin masu tara motoci, amma da ƙarfe na yau da kullum aka yi ta, kuma ruwan da ke taruwa a cikinta yana cinye ta da tsatsa, musamman a motar da ba a yawan hawa. Audugar gilashin ma na ƙonewa da shekaru, sai muryar ta koma kaushi.

Zai iya sayen kwafi da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan na daɗewa, amma masu kunnen abin na cewa muryarta ta fi kaifi, ba ta da kaurin ta dā.

Ko kuma ya sa a ƙera masa sabon tsari mai faɗi don neman ƙarin ƙarfi. A nan ne ake yawan asara, domin sai an sake daidaita kafireta da sabon numfashin injin, kuma sai an ɗora motar a kan na'urar awon ƙarfi kafin a san ko an ci riba ko ƙara kawai aka ƙara. Hanyar da Abarth ya bi ke nan tun shekaru 70 da suka wuce: a canza, a auna, sannan a yi magana.

Fiat ya farfaɗo da sunan Abarth a 2007, kuma salansar da aka riƙa sayarwa da sababbin motocinsa an kira ta Record Monza, don tunawa da waɗancan gwaje-gwaje. Da kamfanin ya fito da motarsa ta farko mai amfani da lantarki, Abarth 500e, a 2023, ba ta da inji mai ƙona mai, ba ta da hayaƙi, ba ta da salansa. Sai injiniyoyi suka ɗaura mata lasifika a ƙarƙashi ta baya, tana kwaikwayon gurnanin salansar.